Yadda Ake Aiki da Littattafan Karanta Alamomin Abokin Hamayya a Wasan Poka

Tun lokacin da na ambaci cewa akwai littattafai da aka rubuta musamman a kan yadda ɗan wasan poka, wani nau'in wasan karta, yake gane abin da ke hannun abokin hamayyarsa ta hanyar kallon jikinsa da sauraron maganarsa, tambayoyi iri ɗaya suke ta zuwa mini: wane littafi za a fara da shi, me za a kashe, kuma ta yaya abin da ke kan takarda zai koma ido mai gani. Wasu sun ce sun sayi littafi sun karance shi tas, amma da suka zauna gaban mutane sai suka ga ba su gane komai ba. Matsalar yawanci ba daga littafin take ba, daga jerin matakan take, domin mutane suna farawa da abin da ya kamata su ƙare da shi.

Akwai magana guda da ya wajaba in faɗa tun daga ƙofa. Zuba kuɗi a kan karta caca ce, kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta ta ƙarara. Babu mataki ko ɗaya a cikin wannan jagora da yake buƙatar ka zuba ko kwabo. Duk atisayen da zan bayyana da bidiyo ake yin sa, da littafin rubutu, da tsinken ashana ko ƙwayar wake a madadin kuɗi. Abin da ake nema shi ne horar da ido da kunne da haƙuri.

1. Ka fara da dokokin wasan da ɗan lissafinsa

Kada ka buɗe littafin alamomi alhali ba ka iya bin wasan da kansa ba. Yawancin littattafan zamani a kan nau'in da ake kira Texas Hold'em suke magana, wanda ake yi da kati 52. Ana ba kowa kati biyu a ɓoye, sannan a buɗe biyar a tsakiya, uku a tashin farko, sai ɗaya, sai kuma na ƙarshe, kuma a kowane zagaye mutum yana iya wucewa, ko ya zuba, ko ya amsa zubin wani, ko ya ƙara a kai, ko ya ajiye katinsa ya janye. Burga kuwa ita ce mutum ya yi babban zubi da kati marar ƙarfi domin ya tsorata wasu su janye. Duk ilimin alamomi a kan tambaya ɗaya ya ginu: wannan zubin da aka yi, ƙarfi ne ko burga?

Lissafin da kake buƙata bai da yawa. Idan akwai tsinke 100 a tsakiya, abokin hamayyarka ya ƙara 50, to za ka biya 50 ne domin neman tuli mai 200 gaba ɗaya har da naka, ke nan kana buƙatar ka yi nasara sau ɗaya cikin huɗu kafin amsawar ta zama daidai. Idan kuwa ya zuba 100 a kan 100, sai ka yi nasara sau ɗaya cikin uku. Haka nan idan kana da kati huɗu masu zane iri ɗaya, misali duk masu zanen zuciya, bayan an buɗe ukun farko, kati 9 ne cikin 47 da ba ka gani ba za su cika maka na biyar, wato kusan kashi 19 cikin 100 a kati na gaba, da kusan kashi 35 cikin 100 idan za ka ga duka biyun da suka rage.

Gargaɗi: wanda ya tsallake wannan mataki zai riƙa ɗora laifin kowane kuskure a kan cewa bai karanci fuskar mutum daidai ba, alhali lissafi ne ya kayar da shi. Ka ba wannan mataki mako biyu, ko fiye, har sai ka iya yin lissafin da ka ba tare da alƙalami ba.

2. Ka sayi littafi ɗaya, ba biyar ba

Littattafan da suka shahara a wannan fanni da Turanci aka rubuta su, kusan duka a Amurka, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Shawarata ita ce a fara da Reading Poker Tells na Zachary Elwood, wanda ya fito a 2012, saboda ya rarraba alamomi bisa lokacin da suke faruwa a cikin wasa, kuma wannan rarrabewar ita ce ƙashin bayan duk abin da zai biyo baya a nan. Marubucin yana yawan ja wa mai karatu kunne cewa alama ba ta da tabbas sai an gwada ta a kan mutumin da ke gabanka, kuma wannan taka-tsantsan ɗin ne ya sa na fifita shi ga mai farawa.

Bayan shi sai littafin Mike Caro, wanda aka fi sani da Caro's Book of Tells, da ya fara fitowa a 1984. Shi ne uban fannin, kuma cike yake da hotunan mutane a teburin wasa. Sai dai ya tsufa ta fuska biyu: misalansa da yawa daga tsofaffin nau'o'in poka aka ɗauko su, waɗanda ba su ne ake yayi yanzu ba, sannan ƙwararrun 'yan wasa da yawa sun karanta shi, don haka suna iya yi maka wasan kwaikwayo da abin da ke cikinsa. Akwai kuma wasu shafuka da yake yi wa mutane hukunci bisa sutura ko asali, waɗanda ban ga amfaninsu ba, kuma ina ba da shawarar a wuce su.

Na uku shi ne Read 'Em and Reap na Joe Navarro, na shekarar 2006. Navarro ya yi shekara 25 yana aiki da hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, kuma ƙarfinsa yana wajen bayanin yadda jiki yake nuna natsuwa ko takura. Rauninsa kuwa shi ne daga ɗakin tambayar waɗanda ake tuhuma ya kawo iliminsa, ba daga teburin wasa ba. Ta ɓangaren halayyar ɗan Adam akwai The Psychology of Poker na Alan Schoonmaker, na 2000, da The Mental Game of Poker na Jared Tendler da Barry Carter, na 2011. Waɗannan biyun za su zo a matakan gaba.

Game da kuɗi, wanda yake wajen Amurka da Turai zai tarar cewa kuɗin aiko da littafin takarda yana iya kai kuɗin littafin kansa ko ya zarce, don haka kwafin karantawa a waya ya fi sauƙi a aljihu. Na Caro kaɗai na fi son a same shi a takarda ko a babban allo, saboda hotunansa su ne rabin darasin.

Gargaɗi: ka guji taƙaitattun jerin da ke yawo a intanet masu taken alamomi goma na mai burga. Suna ɗauko hukuncin ne su jefar da sharaɗin da marubucin ya ɗora shi a kai, kuma sharaɗin ya fi hukuncin muhimmanci.

3. Ka tanadi littafin rubutu

Kayan aikin ba su wuce karta guda, kwalin ashana biyu ko uku, waya mai iya kallon bidiyo, da littafin rubutu ba. A kowane shafi ka ja layi huɗu: wane ne mutumin, a wane lokaci na wasan abin ya faru, me ya yi da jikinsa ko bakinsa, sannan me aka gani a hannunsa da aka buɗe kati. Idan ba a buɗe katin ba, ka bar layi na huɗu fanko, kada ka cike shi da zato. Ka kuma rubuta abin da idonka ya gani kawai. Kada ka rubuta cewa ya tsorata, ka rubuta cewa ya daina motsi kuma ya haɗiye yawu sau biyu.

4. Ka karanta kana rarraba alamomi bisa lokaci

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi, kuma a nan mafi yawan masu karatu suke ɓata. Motsi ɗaya yana iya nufin abu biyu masu kishiyantar juna, gwargwadon lokacin da aka yi shi. Elwood ya kasa lokutan uku: lokacin da mutum yake jiran a yi wasa kafin layi ya zo kansa, lokacin da yake cikin yin zubi, da lokacin da ya gama zubi yana jiran hukuncinka. Duk alamar da ka ci karo da ita a kowane littafi, ka tambayi kanka a wanne cikin ukun nan take, ka rubuta ta a ƙarƙashinsa.

Ɗauki misalin mai jira. Kai ne za ka yi wasa, sai ka ga wanda layi zai zo kansa bayanka ya kai hannu kan tsinkensa kamar a shirye yake ya amsa duk abin da ka zuba, ko ya kafe ka da ido. Hankali zai ce maka wannan mai ƙarfi ne, amma littattafan sun yi ittifaƙi a kan cewa yawanci akasin haka ne. Wanda yake riƙe da kati mai ƙarfi so yake ka zuba, don haka ba shi da dalilin razana ka. Shi za ka ga ya kau da kai, yana kallon wani wuri kamar wasan bai dame shi ba. Mai kai hannu kan tsinke yana ƙoƙarin hana ka zubi ne, domin katinsa matsakaici ne kuma ba ya son a matsa masa. Haka nan wanda ya daɗe yana kallon katin da aka buɗe a tsakiya, galibi nema yake bai samu ba, shi kuwa wanda katin ya yi wa daɗi yakan kalla sau ɗaya ya ɗauke ido, wani lokaci ma idon ya faɗa kan tsinkensa na ɗan ƙiftawa, domin zuciyarsa ta riga ta fara ƙirga abin da zai zuba.

Bayan an yi babban zubi kuwa, lissafin sai ya sauya. Mai burga yana tsoron kada wani motsi nasa ya jawo ka amsa, saboda haka yakan daskare, numfashinsa ya ragu, ya guji duk abin da zai ɓata maka rai. Mai ƙarfi ya saki jiki: yana iya murmushi har idonsa ya nuna, ya gyara zama, ya amsa tambaya, ya girgiza ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ka lura cewa kallon ido da ke nuna rauni a wajen mai jira yana iya nuna sakin jiki a wajen wanda ya riga ya zuba. Wanda bai rarrabe lokutan ba zai ce littattafan suna saɓa wa juna, alhali a kan yanayi daban-daban suke magana.

Daga Caro abin da za ka ɗauka shi ne rabuwar mutane gida biyu, masu yin wasan kwaikwayo da gangan da waɗanda ba su san jikinsu yana tona musu asiri ba. Ga na farko ƙa'idarsa ita ce a juya abin da suka nuna: mai nuna rauni ƙarfi gare shi, mai nuna ƙarfi rauni gare shi. Wanda ya yi ajiyar zuciya, ya ɗaga kafaɗa, ya zuba kamar an tilasta masa, ka ji tsoronsa. Ga na biyu kuwa abin da ka gani shi ne gaskiya, kuma sanannen misalinsa shi ne rawar hannu: hannun da ya kama karkarwa lokacin zubi yawanci na wanda ya samu babban kati ne, domin mai burga ƙanƙame jikinsa yake yi.

Gargaɗi: kada ka wuce babi ɗaya a zama guda, kuma kada ka ɗauki fiye da alama uku zuwa mataki na gaba. Wanda ya shiga wasa da alama talatin a ka zai ga dukkansu a jikin kowa.

5. Ka gwada idonka da bidiyo kafin ka gwada shi a kan mutane

Tun da aka fara sanya kyamarar da ke nuna katin ɓoye na 'yan wasa a talabijin, mai koyo ya samu makaranta kyauta, kuma akwai sa'o'i masu yawa na irin wannan a YouTube. Ga yadda za ka yi: ka yanko 'yar takarda ka rufe ɓangaren allon da ake nuna katin 'yan wasa, ka rage muryar masu sharhi idan suna faɗin abin da ke hannu, ka tsayar da bidiyon daidai bayan an yi babban zubi, ka rubuta hasashenka da dalilinka, sannan ka ɗaga takardar. Rubutawa kafin dubawa wajibi ne, domin da zarar ka ga katin zuciyarka za ta ce maka ai dama ka sani.

Akwai hannu guda, wato rabon kati ɗaya daga farkonsa zuwa ƙarshe, da nake so kowane mai koyo ya kalla sau da yawa, daga wasan ƙarshe na babbar gasar duniya ta poka da aka yi a Las Vegas a 2003. 'Yan wasa 839 ne suka shiga, aka rage saura biyu: Chris Moneymaker, wani akanta daga jihar Tennessee da ba a san shi ba, da Sammy Farha, gogaggen ɗan wasa. Farha yana riƙe da sarauniya da tara, kuma an buɗe tara a tsakiya, wato yana da tara biyu, don haka yana gaba. Moneymaker yana da sarki da bakwai, yana jiran katin da zai cika masa hannu, katin kuma bai zo ba. Duk da haka ya tura duk abin da ke gabansa, ya zauna cikin baƙin tabarau da hula bai motsa ba. Farha ya daɗe yana nazari, har ya furta da bakinsa cewa da alama katin da abokin nasa yake jira ne bai zo ba. Hasashensa daidai ne, amma ya ajiye katinsa ya janye, kuma jim kaɗan bayan haka Moneymaker ya lashe gasar da dala miliyan 2.5. Ka kalli yadda Farha yake jefa magana domin ya ga ko jikin ɗayan zai amsa, da yadda shirun ya hana shi samun abin da zai tabbatar masa da zatonsa.

A wannan atisaye ka karkata idonka daga fuska zuwa hannu. Mun saba cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a teburin poka fuska ita ce gaɓar da kowa ya fi horarwa. Wani bincike da Michael Slepian da abokan aikinsa suka wallafa a 2013 ya nuna wa mutane gajerun bidiyo daga gasar duniya ta 2009. Waɗanda aka nuna wa fuskokin 'yan wasa ba su iya gane ƙarfin katin ba, amma waɗanda aka nuna wa hannuwa kaɗai lokacin tura zubi sun fi dacewa, kuma santsin motsin hannun yana tafiya da ƙarfin katin. Navarro ma ya nace a kan cewa ƙafafu sun fi fuska faɗin gaskiya, sai dai kyamara ba ta cika nuna su ba.

Gargaɗi: shirye-shiryen da aka tace suna zaɓo hannuwa masu ban mamaki ne, don haka burga tana bayyana a cikinsu fiye da yadda take a zahiri. Ka fi neman waɗanda aka watsa kai tsaye ba yankewa. Ka tara hasashe aƙalla hamsin kafin ka ƙirga nawa ka ci, kuma kada ka goge waɗanda ka faɗi.

6. Ka san mutum a halinsa na yau da kullum

Yanzu sai ka zauna da abokai huɗu ko biyar, a raba tsinken ashana daidai wa daida. A zaman farko kada ka yi ƙoƙarin karanta kowa. Ka zaɓi mutum ɗaya, zai fi kyau wanda yake yawan shiga hannu, ka lura da shi a lokacin da babu abin da ya dame shi: yadda yake zama, saurin maganarsa, inda yake ajiye hannunsa, tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya yanke shawara a ƙaramin zubi. Alama ba motsi ba ce, sauyi ce daga abin da mutum ya saba. Mai surutu da ya yi tsit ya faɗa maka wani abu, haka ma mai shiru da ya fara surutu, amma shirun mai shiru ba labari ba ne.

Ni kaina a nan na fara yin tuntuɓe. Akwai wani abokinmu da muke zama da shi da daddare a kan tabarma, kofin shayi a gefensa. Na ga yatsunsa suna rawa lokacin da yake tura tsinke, ni kuwa ban daɗe da karanta babin rawar hannu ba, sai na riƙa janyewa duk lokacin da ya zuba, har sau huɗu a dare ɗaya. Sai da aka tashi na ga ya ɗauki kofin zai kurɓa, cokalin da ke ciki yana ƙara saboda karkarwar hannun. Ashe haka hannunsa yake a kowane lokaci idan ya sha shayi mai kauri. Da na kalle shi minti goma kafin a raba kati, da ban yi wannan asarar ba.

A wannan mataki ne littafin Schoonmaker yake shigowa. Yana auna ɗan wasa da ma'auni biyu, kowanne daga 1 zuwa 9: yawan hannuwan da yake shiga, da kuma yawan yadda yake zubi da ƙari maimakon amsawa kawai. Ka ba mutumin da kake lura da shi lambobinsa biyu bayan zama uku. Wannan ya fi kowace alamar jiki amfani, domin idan mutumin da bai taɓa ƙari ba tun farkon dare ya tashi ya ninka zubi, ruwa ba ya tsami banza, kuma ba ka buƙatar kallon ƙafarsa.

Gargaɗi: lokacin da ake buɗe kati uku na tsakiya, kada ka kalli katin, ka kalli mutumin. Katin yana nan ba inda za shi, amma amsar farko da jikinsa ya bayar ba ta wuce daƙiƙa ɗaya.

7. Ka saurari magana da saurin yanke shawara

Elwood ya ware wa magana littafi guda, Verbal Poker Tells, a 2014, kuma darasi biyu daga cikinsa sun isa mai farawa. Na farko, wanda ya yi babban zubi sannan ya ce katinsa ba wani abu ba ne, ko ya ce ka amsa kawai domin ƙila ka fi shi, galibi ƙarfi gare shi, saboda mai burga ba ya son ya sa maka tunanin rauninsa. Na biyu, wanda ya zuba sannan yana tsokanarka ko yana neman tunzura ka, shi ma yawanci a natse yake, domin mai burga lallaɓa ka yake yi.

Sauri ma magana ce. Wanda ya amsa zubi nan take bai tsaya ya yi tunanin ƙari ba, kuma mai kati mai ƙarfi sosai dole ya ɗan tsaya ya auna ko zai ƙara. Amsawar gaggawa saboda haka takan nuna matsakaicin kati ko mai jiran cikawa. Wannan alama tana aiki har a wasan da ake yi ta waya, inda ba ka ganin kowa.

8. Ka ba alama nauyinta, kada ka ƙara

Ga inda lissafin mataki na farko yake dawowa. A ce an zuba 100 a kan 100, kana buƙatar nasara sau ɗaya cikin uku, kuma bisa yadda wasan ya gudana ka kiyasta cewa damarka tana dab da hakan. A irin wannan wuri ne alama take da hurumi: idan mutumin ya daskare yadda ka taɓa rubutawa sau uku cewa yana yi lokacin burga, sai ka amsa, idan kuma ya saki jiki sai ka janye. Amma idan lissafi ya nuna damarka ba ta kai ɗaya cikin goma ba, haɗiyar yawu ɗaya ba za ta cike wannan rata ba.

Dalilin wannan taka-tsantsan a bayyane yake. Charles Bond da Bella DePaulo sun tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa a kan gane ƙarya suka wallafa a 2006, inda suka samu cewa matsakaicin dacewar mutane kusan kashi 54 cikin 100 ne, alhali mai jefa kwabo ma zai samu 50. Abin da yake ɗaga ka sama da wannan ba baiwar ido ba ce, layi na huɗu ne na littafin rubutunka, wato sau nawa ka ga wannan mutumin ya yi wannan motsin aka kuma buɗe katinsa. Ƙa'idar da nake bi ita ce alamar da ban tabbatar da ita sau uku a kan mutum ɗaya ba, ba na sauya hukunci dominta.

Gargaɗi: kada ka taɓa faɗa wa mutum alamar da ka gano a jikinsa lokacin da ake cikin wasa, ko da ya tambaye ka yadda ka gane. Ranar da ya sani, ranar zai fara amfani da ita a kanka.

9. Ka toshe naka ƙofofin

Wannan ya fi karanta wasu sauƙi, kuma amfaninsa ya fi saurin bayyana. Ka tsara wa kanka hanya ɗaya ta yin komai: kada ka duba katinka sai layi ya zo kanka, ka ƙirga daƙiƙa biyar a zuci kafin kowane hukunci ko da ka riga ka yanke shi, ka tura zubi da hannu ɗaya a yanayi ɗaya, sannan ka kafa idonka a wuri ɗaya a tsakiyar tebur ka yi shiru har a gama. Kada ka yi ƙoƙarin yaudarar mutane da alamar ƙarya tun kana sabon shiga, domin wasan kwaikwayon mai koyo shi ne abu mafi sauƙin ganewa. Idan abokanka sun yarda, ka jingina waya ta ɗauki bidiyonka na rabin sa'a, ka kalla washegari da littafin rubutu a hannu kamar wani kake nazari.

10. Ka karanta Tendler domin kanka

Duk abin da ka koya yana rushewa a lokacin da ranka ya ɓaci, domin mai fushi ba ya lura da kowa sai wanda ya ɓata masa. Tendler, wanda ya fara da horar da 'yan wasan golf kafin ya koma kan 'yan poka, ya kasa wannan tunzura gida bakwai. Daga ciki akwai ta wanda yake jin sa'a ta zalunce shi, da ta wanda ba ya jure faɗuwa, da ta wanda kuskurensa ne yake cin sa, da ta mai ganin ya fi ƙarfin a ci shi, da ta mai neman ramuwa, da ta wanda ya rasa da yawa yake neman mayarwa ko ta halin ƙaƙa. Wannan ta ƙarshe ita ce take rusa gidajen masu caca, kuma za ka yi mamakin ganin ƙwayarta tana motsi a zuciyarka ko a kan tsinken ashana.

Ka ware shafukan ƙarshe na littafin rubutunka domin wannan. Bayan kowane zama ka rubuta abin da ya fara tunzura ka, alamar farko da ka ji a jikinka, ko zafin wuya ne ko saurin hannu, da kuskuren farko da ya biyo baya. Cikin zama biyar ko shida za ka ga abu ɗaya ne yake maimaita kansa. Sai ka rubuta jimla guda da take amsa shi, misali cewa mai damar kashi 19 cikin 100 dole ya ci kusan sau ɗaya cikin biyar, ka ajiye ta inda idonka zai kai. Ka kuma sa lokacin tashi tun kafin a raba katin farko, sa'a biyu ga mai koyo, kuma idan ka ji alamar nan ta farko sau biyu a zama ɗaya, ka miƙe ka bar hannu uku su wuce kafin ka dawo wurinka.